Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tarihi Da Al'adu Ta Jihar Kano Kan Kafa Gidan Tarihin Rayuwar Karkara

Zuwa ga Shugaba da Ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano,
Gidan Ɗan Hausa, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in roƙi hukumarku ta ɗauki nauyin kafa gidan tarihi na rayuwar karkara a wannan jiha, wato wuri guda da za a tattara kayan aikin manomi da na matar manomi, da na maƙeri da masaƙi da mai ginin tukwane da makiyayi, a adana su tare da sanin yadda ake sarrafa su. Na zaɓi in yi wannan roƙo a bainar jama'a saboda kayan da nake magana a kansu ba sa hannun gwamnati. Suna jingine a bayan ɗakuna da ƙarƙashin rumbuna a ƙauyukanmu, kuma masu su ba za su daina zubar da su ba sai sun ji cewa akwai mai nemansu.

Ban manta da abin da muke da shi ba, kuma ban raina shi ba. Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463, yana nan yana karɓar baƙi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Gidan da kuke zaune a ciki shi kansa tarihi ne, tun da a wannan yanki na Nassarawa Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. A Katsina an mayar da tsohon ginin Kwalejin Katsina gidan tarihi, a Argungu kuma tsohuwar fada ta zama Gidan Tarihin Kanta tun 1958. Sai dai duk wanda ya zagaya irin waɗannan wurare zai lura cewa nauyinsu ya fi karkata ga birni da fada: ganuwa da ƙofofi, sulke da kwalkwali, takubba da bindigogi, alkyabba da kayan doki, jerin sarakuna da labarin zuwan Turawa. Ko a inda aka ajiye garma ko turmi ko akushi, za a tarar da su a gefe, an rataye ko an jingine, da 'yar takarda mai ɗauke da suna kawai. Yaron da ya tashi a Gwammaja ko Hotoro zai kalli sungumi a jikin bango ya wuce, bai san a wane wata ake ɗaukarsa ba, bai san cewa mutum ɗaya ne ke tafe yana sara rami wani na biye yana jefa iri yana rufewa da diddige ba.

Wannan giɓi yana da girma idan aka tuna inda arzikin Kano ya fito. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake fitarwa daga nan har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Audugar waɗannan tufafi a gonakin ƙauye aka noma ta, mata ne suka gurje ta suka shiɓe ta suka kaɗa zare a tsakar gidajensu, masaƙa a garuruwa irin su Minjibir suka saƙa, marinan Kura da sauran garuruwa suka rina. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama abin da ake taƙama da shi, har dalar gyaɗa ta zama tambarin jihar nan. Hoton dalar kowa ya san shi, sunayen manyan attajiran da suka tara ta ma an sani, amma babu inda mutum zai je ya ga irin fartanyar da aka nome gyaɗar da ita, ko mangalar da jaki ya ɗauko ta a ciki zuwa wurin awo. Hawan Sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2024, abin alfahari ne gare mu duka, amma dokin da ake yi wa wannan ado dawa da harawa yake ci, kuma wani ne ya duƙa ya noma su. Ba banza ba ake yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki.

Akwai kuma ilimi na gaske a cikin wannan noma, wanda masana daga waje suka zo suka yi shekaru suna nazari. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wurare mafi cunkoson jama'a a karkarar Afirka ta Yamma, kuma an daɗe ana noma gonakinta kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba, duk da haka ba su mutu ba. Masanin nan Michael Mortimore ya shafe shekaru yana bin diddigin dalilin hakan tun daga shekarun 1960. Dalilin kuwa manomanmu sun san shi tun kaka da kakanni: taki da jakuna suke kwasowa daga birni da turken gida da rani, da kwanan shanun Fulani a gona bayan girbi, da shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, da barin gawo a tsakiyar gona saboda yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi abinci. A yau da kuɗin takin zamani ya gagari ƙaramin manomi, wannan sani ya wuce abin kallo, ya zama abin da za a koma a nema.

Abin da ya sa na ga jinkiri ba zai yi ba shi ne saurin da abubuwan nan suke ɓacewa. A farkon shekarun 1970, lokacin da Baturiya mai bincike Polly Hill ta zauna tana nazarin zaman manoman ƙasar Kano, Ɗorayi ta zaɓa a matsayin misalin karkara, da gonaki da gidajen gandu a warwatse. Yau Ɗorayi unguwa ce a cikin gari, kuma abin da ya same ta yana samun ƙauyukan Kumbotso da Ungogo da Gezawa a gaban idonmu. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa, roba ta kori ƙwarya da tulu da guga, babur ya rage wa jaki aiki, maganin feshi yana cinye noman firi, buhu da sito suna maye gurbin rumbu. Ba kuka nake yi da wannan sauyi ba, domin matar da aka hutar daga durƙuso a kan dutsen niƙa tun asuba ba ta yi asarar komai ba, kuma ba ni da bakin da zan ce ta koma. Damuwata ita ce yadda kayan ke tafiya ba a bar ko samfuri ba. 'Yan gwangwan suna bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin ƙarafa da tagulla a kan sikeli, masaba da uwar maƙera da mundaye duk kuɗinsu ɗaya da ɓaraguzan mota. Akushi da turmi idan sun tsage makamashi suke zama. A maƙwabtanmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato kuwa, inda 'yan bindiga suka tashi garuruwa suka ƙone rumbuna, wanda ya gudu da ransa bai tsaya ɗaukar mazari ko allera ba. Mafi muni, tsofaffin da suka san aikin waɗannan kaya suna ƙarewa, kuma kaya ana iya sassaƙa wani, amma wanda ya san sirrin aikin idan ya tafi ya tafi da shi.

Saboda haka abin da nake roƙo ya bambanta da ƙarin ɗaki a cikin birni mai akwatunan gilashi. Ina roƙon a samu fili a karkara, inda mota za ta iya kai ɗaliban makaranta su dawo a yini guda, a gina cikakken gidan manomi kamar yadda ake gina shi: zaure da shigifa da turaka, ɗakunan mata da madafa, turke da akurki, rijiya da rumbuna, ga danga da darni, ga gona a baya wadda za a riƙa nomawa da gaske. A bar maginan gargajiya su yi aikin da tubali da azara da makuba, masu baibaya su ɗora jinka, mata su yi daɓe da waƙarsa. Wannan tsari ba sabo ba ne a duniya. A Siwidin, Artur Hazelius ya buɗe Skansen a birnin Stockholm a 1891, lokacin da ya ga masana'antu suna haɗiye rayuwar ƙauyen ƙasarsu, ya ciccibo gidajen manoma sukutum daga sassa daban-daban ya sake kafa su wuri ɗaya, kuma har yau ana shiga ana ganin mutane suna aiki a ciki. Kusa da mu, gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, yana da samfurin gidajen ƙabilun Nijar da rumfunan masu sana'a da ke aiki a gaban baƙi suna sayar da abin da suka yi. A Jos ma akwai sashen gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Abin da ban ga an yi ba shi ne a ɗauki gidan talakan ƙauye na ƙasar Hausa da gonarsa a ba shi irin wannan martaba.

Amfanin samun gona a wurin shi ne gidan zai riƙa sauyawa tare da shekara. Wanda ya zo da bazara zai tarar ana sassabe da kai taki, wataƙila ana binne idan an ga alamar ruwa ya kusa. Wanda ya zo da damina zai ga noman firi da maimai da huɗa, kuma idan an shirya gayya zai ji gangar noma a inda aka yi ta domin a ji ta. Da kaka ga yankan gero da ɗaurin dami, da rani kuma ga saƙar zana da tufkar igiya da yaɓen ɗakuna da ban-ruwan lambu da jigo. Malamin firamare da ya kawo ɗalibansa sau biyu a lokuta daban-daban zai koya musu abin da allo da alli ba za su iya ba, gani kuwa ya kori ji.

Ina so in daɗe kaɗan a kan rumbu, domin a ganina shi ya kamata ya zama zuciyar wannan gida. Rumbu iri-iri ne, akwai na kara da zana, akwai rufewa ta ƙasa mai hular jinka, kuma kowanne da dalilin siffarsa. Ana ɗora shi a kan duwatsu domin gara da damshi kada su kai ga hatsi, ana zuba gero da dawa da zangarniyarsu ba a sussuke ba domin sun fi jure ƙwari a haka, kuma magidancin kirki yana iya ajiye hatsin shekara biyu ko fiye yana ci daga tsohon yana adana sabon. A gidan gandu akwai ƙa'idar wanda ke da ikon buɗe rumbu, da lokacin buɗe shi, da bambanci tsakanin hatsin gandu da na gayauna wanda ɗa ko mata suka noma wa kansu. Duk tsarin zaman iyali yana rataye a nan. Mutanen da suka ga yunwar Kakalaba ta 1914 sun bar wa 'ya'yansu tsoron rumbu fanko, waɗanda suka ga farin 1973 kuma da yawansu suna raye, za su iya ba da labarin abin da aka ci da abin da aka sayar da wanda aka tura cirani. Tare da rumbun sai a adana iri. Kaura da farfara da maiwa da tsofaffin irin wake da gyaɗa suna janyewa a gaban sababbin iri masu saurin nuna, kuma wanda ya tuna yadda cuta ta share gyaɗar Arewa a 1975 ya san haɗarin dogara ga iri kaɗan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ofisoshin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, da ke nan Kano, da cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, duk suna da masaniya a kan adana iri, kuma ina kyautata zaton za su ba da hannu idan hukumarku ta nema.

Rabin wannan tarihi yana hannun mata, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Tsakanin dami da malmalar tuwo akwai sussuka da shiƙa da surfe da bakace da wanki da niƙa da tankaɗe da talge da tuƙi, kowane mataki da kayansa, daga taɓarya da faifai da rariya zuwa muciya da mara. Daddawa kaɗai karatu ce mai zaman kanta, tun daga dafa kalwa na tsawon lokaci da cire ɓawonta har rufe ta ta kwana biyu ko uku ta yi, sannan a kirɓa a shanya. Haka matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, haka man kaɗanya, haka kaɗi da mazari da alli. Akwai lugude da waƙoƙin niƙa da na daɓe, inda mata suke faɗin abin da ba sa iya faɗa a gaban miji ko uwar miji ko kishiya. Namiji mai ɗauke da takarda da na'urar naɗar murya iyakarsa zaure, don haka idan har ana son wannan ilimi dole ne a ɗauki mata cikin masu tattarawa, a kuma ba su matsayi cikin masu tsara gidan, kada a tsaya ga gayyato su ranar buki su yi daka a gaban kyamara.

Ɗakin amarya zai nuna wani abu da nake so hukumarku ta riƙe da kyau, wato rayuwar ƙauye ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Jeren kakanninmu na ƙore ne da faya-fayai, daga baya tasoshin tagulla suka shigo, sai kwanonin sha masu fenti da langa da samira suka cika bango, sannan kabad da tangaran suka zo. Idan aka jera ɗakuna uku ko huɗu na zamani daban-daban, mai kallo zai karanta tarihin kasuwanci da na arzikin gyaɗa da na man fetur a jikin bangon ɗakin mace. Haka ya kamata a yi wa sauran sassa. Garmar shanu da ta fara yaɗuwa tun zamanin Turawa tana da wuri kusa da garmar hannu, acibalbal tana da wuri kusa da fitilar ƙwai, jigo kusa da injin ban-ruwa, kuma labarin madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, da yadda ta mayar da Kadawa da Kura ƙasar shinkafa da alkama da tumatir, shi ma tarihin karkara ne. Gidan da ya tsaya a kan wani zamani guda da ba a san shekararsa ba, ya kira shi gargajiya, zai koya wa yara cewa mutanen ƙauye ba su taɓa ƙirƙiro komai ko karɓar sabon abu ba, wannan kuwa ƙarya ce.

Haka nan ina roƙon kada a yi wa tarihin kwalliya. Rayuwar karkara ta dā tana da daɗinta, tana kuma da ɗacinta. Akwai rinji da gandayen sarakuna da attajirai, irin na Fanisau, waɗanda bayi suka noma, kuma sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Akwai haraji da jangali da suka sa mutane sayar da abin da za su ci. Akwai kurkunu da ruwan tafki ke sa wa mutane, mai kwantar da magidanci a tsakiyar damina, wanda sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Yaron da ya ga waɗannan zai fi girmama kakanninsa, kuma zai fi gane darajar rijiyar burtsatse. Sannan ƙasar Kano ba ta mutum iri ɗaya ba ce. Rugar Fulani da ƙorenta da kayan tatsa tana da haƙƙi a wannan fili, gidajen Maguzawa suna da haƙƙi, masunta na bakin kogunanmu da komarsu da gorarsu suna da haƙƙi. Na san za a samu masu fargabar cewa ajiye wasu kayan, musamman waɗanda suka shafi bori ko tsafin noma da farauta, tamkar raya abin da addini ya kashe ne. Wannan fargaba a saurare ta, a zauna da malamai tun farko a yi shawara kan yadda za a nuna irin waɗannan kaya da bayanin da ya dace. Nuna abu domin a san an yi shi daban ne da kira zuwa gare shi. Ban da haka, addini yana tsakiyar rayuwar ƙauyen da nake magana a kai, domin tsangaya da alluna da tawadar da ake dafawa da zuge, da mudun fitar da zakka, da damin da ake warewa tun a gona, duk kayan wannan gida ne.

Game da yadda za a tattara kayan, shawarata ita ce kada a karɓi komai ba tare da labarinsa ba. A rubuta garin da abu ya fito, da wanda ya yi amfani da shi, da maƙerin ko masassaƙin da ya yi shi idan an sani, da irin itacen, da sunan da mutanen wurin suke kiransa, domin sunan kayan aiki yana sauyawa tsakanin Rano da Bichi da Gaya. A naɗi muryar mai shi, a ɗauki hotonsa yana aiki da shi. Bayanan da za a liƙa su kasance da Hausa tun farko, boko da ajami, sauran harsuna su biyo baya, saboda dattijon da ya ba da garmar mahaifinsa ya cancanci ya karanta abin da aka rubuta a kanta. Hanya mafi sauƙi ta isa ga jama'a ita ce ta hannun masarauta, daga hakimai zuwa dagatai da masu unguwanni, tare da sarakunan noma da na maƙera da na magina, a ƙananan hukumomi 44 na jihar. Wanda ya ba da kyauta a rubuta sunan gidansu a jikin abin, wanda ya ba da aro a ba shi takarda, wanda ya ce sai an saya a biya shi farashin da ya fi na ɗan gwangwan. Ɗaliban sashen Hausa da na tarihi a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar, da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, za su iya yin mafi yawan wannan aiki a matsayin bincikensu na kammala karatu, kowa a garinsu, inda an san iyayensa kuma ba za a ɓoye masa komai ba.

Na san tambayar da za ta fara fitowa ita ce ta kuɗi, a jihar da asibitoci da makarantu ke jiran gyara, kuma tambaya ce ta gaskiya. Amsata ita ce mafi muhimmancin ɓangaren aikin, wato tattarawa da naɗar bayani, shi ne mafi araha, gini kuma na ƙasa ne da kara da ciyawa waɗanda ke nan a wurin. Abin da nake tsoro ma shi ne kuɗi ya yi yawa ta hanyar da ba ta dace ba, a mayar da abin kwangila, a zuba siminti a shafa masa jar ƙasa, a yi bukin buɗewa da manyan baƙi, bayan shekara biyu a tarar da ƙofa a garƙame. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen kowace shekara, kuma halin da badalar Kano take ciki ya isa ya nuna abin da ke faruwa idan aka daina kula. Don haka kuɗin da ya fi muhimmanci shi ne ɗan abin da za a ware kowace shekara a kasafi domin yaɓe da baibaya da maganin gara da alawus na masu sana'ar da za su zauna a wurin suna aiki suna koyar da yara. Kuɗin shiga da cinikin tukwane da tabarmi da saƙi za su taimaka, amma kada a gina lissafi a kan baƙi daga ƙasashen waje, domin masu wannan gida na farko su ne ɗaliban jihar nan da iyayensu. Filin kuma a yi masa takardar mallaka da doka mai ƙarfi tun ranar farko, tun da mun sha ganin yadda filayen jama'a ke komawa shaguna da fulotai idan gari ya cim musu. Hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda aka kafa a 1979, tana da ƙwararru kan adana kayan itace da fata da ƙarfe, kuma haɗa kai da ita zai rage kashe kuɗi a kan abin da aka riga aka sani.

Ba sai an jira fili da gini kafin a fara ba. Ina roƙon hukumarku ta ware ɗaki ko biyu a matsayin ma'ajiya ta wucin gadi, ta zaɓi ƙananan hukumomi kaɗan daga kudu da arewa da gabashin jihar, ta tura ƙananan ayari na maza da mata da kakar bana, lokacin da kayan girbi suke waje kuma manoma suke da sukunin zama a yi hira. A fara da mafi tsufa a kowane gari, maza da mata, a kuma yi sanarwa a gidajen rediyo cewa duk mai tsohon kayan aiki kada ya sayar ko ya ƙone sai ya sanar da mai unguwarsa. Abin da aka samu a wannan zagaye na farko shi zai nuna girman filin da ake buƙata da irin ɗakunan da za a gina, shi ne kuma hujjar da za ku shiga da ita gaban gwamnati da majalisar dokoki lokacin kasafin kuɗi.

Ina fatan za ku ba da amsar wannan wasiƙa a fili kamar yadda na rubuto ta a fili, domin masu kayan su san ko su ci gaba da ajiyewa. Allah Ya yi muku jagora, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗan Jihar Kano mai kishin tarihin karkara.